Guga Ɗaya a Garin Chindo

A farin shekarar tamanin da huɗu, da gero ya ƙone a gona tun bai fidda kai ba, wasu Fulani suka sauka a bayan Garin Chindo, wani ƙauye a ƙasar Gangara. Da garke suka baro arewa, da igiya a hannu suka iso. Sauran shanun suka ƙarasa mutuwa a bakin tafkin garin, inda ɗan ruwan da ya rage ya koma kore.

Maijidda ce ungozomar garin. An taɓa kai ta likita, wato asibiti, ta yi kwana goma ana koya mata aiki, ta dawo da ɗan akwati mai almakashi da sabulu. Amma tun kafin nan rabin magidantan garin a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa ba ta jin nauyin gemun kowa.

Wata Talata da hantsi tana dakan dusa, sai ga wata Bafulatana mai suna Adama da goyo. Idanun yaron sun zurma, maɗigarsa ta faɗa. Maijidda ta tsunkuli fatar cikinsa, fata ta tsaya inda aka ja ta.

"Inna, kwana uku yana zawo," in ji Adama. "Ruga duka haka take."

"Wane ruwa kuke sha?"

Adama ta miƙo gora. Maijidda ta tsiyaya a ƙwarya, wari ya buge ta.

"Na tafki? Ga rijiya?"

"Yau kwana goma da suka ja mata ƙaya, Inna. Sun ce guganmu ke kawo ciwo."

Maijidda ba ta sani ba, don surukarta ke ɗebo mata ruwa. Ta tafasa ruwa, ta jefa gishiri da yatsu uku, ta zuba ɗan sukarin da ta ɓoye, ta nuna wa Adama yadda za ta riƙa ɗiga wa yaron. Sannan ta ɗauki ƙwaryar nan ta nufi gindin gawo, inda maigari ke zaune da dattawa. Ko sallama ba ta yi ba, ta dire ta gaban Nomau, ƙanen maigari, wanda ya ja ƙayar.

"Bismilla, Nomau. Kurɓi."

Nomau ya kau da kai. "Haba, Inna Maijidda, wanga wane irin abu ne?"

"Abin da ka ba baƙinka ne. Kwana goma ɗiyan mutane na shan ruwan mushe, kana zaune kana jan tasbaha!"

"Rijiya ɗaya gare mu. In cuta ta faɗa ciki, ke za ki haƙa mana wata?"

"In guga kake tsoro, a hana guga. Wa ya ce a hana ruwa? Kuma ƙudan da ke tashi daga mushen nan, shi ma ƙaya za ka ja mai?"

Ta juya wajen maigari. "Ranka ya daɗe, a rataye guga ɗaya a bakin rijiya, kada ya taɓa ƙasa. Mata biyu su wanke hannu su riƙa ja, kowa ya tara tulunsa, ɗan gari da baƙo. Maza kuma su binne mushe."

Maigari ya ce an aika wa majo, babban ma'aikacin likita, a jira amsa. Maijidda ta san amsar: mota ba mai. Ta bar musu ƙwaryar a nan ta tafi.

Gida gida ta bi. Ba ta roƙi kowa ba, faɗa ta yi ta yi. Kafin azahar mata sha huɗu sun taru a rijiya. Lantana mai tuyar ƙosai, wadda ta fi kowa ƙarfi, ta sa itace ta janye ƙayar. Nomau ya zo yana hargagi, ya tarar da matarsa riƙe da igiyar guga, ya koma.

Sukari ya ƙare tun ran farko. Suka koma dama kunu mai ruwa-ruwa da ɗan gishiri, kowane gida na ba da garin da ya cika tafin hannu, a shekarar da tafin hannu ɗaya abincin yini ne. Tukwane uku suka girka a ruga, wuta ba ta mutuwa. Jaye, mijin Adama, ya tara makiyaya suka shiga jan mushe da igiya. Da samarin gari suka ga mutanen da yunwa ta rame suna haƙa rami da sanda, kunya ta kama su, suka fito da fatanya.

Ɗan Adama bai kai Alhamis ba. Maijidda ce ta yi mai wanka. Tana yi tana cizon leɓe, don ta san da an kawo shi kwana biyu kafin nan, da ya tashi. Bayansa ruga ta binne mutum biyu. Zawon ya shiga gari, ya kwantar da gida bakwai, amma ya tarar da mata sun riga sun iya damun kunun, bai ɗauki kowa ba.

Sai bayan sati uku motar likita ta iso. Majo ya zagaya rijiya da ramukan mushe, ya jinjina kai, ya tambayi wanda ya tsara aikin. Nomau ya gyara hula ya ce shawarar dattawa ce. Majo ya rubuta.

Lantana ta zo da gudu ta gaya wa Maijidda, ta tarar da ita tana ɗaure akwatinta, an kira ta haihuwa a ruga.

"Dattawa?" Maijidda ta yi tsaki. "To, ki ce wa majo in ya gama rubutu ya bar mana sabulu. Nomau kuwa, ni da shi sai a gaban Allah."

Ta ɗora akwatin a ka ta fita, Lantana na biye da ita da tulun ruwan zafi.