Shuɗiya da Aman Rana

Aikin Auta gadin rana ne. Haka Baba yake gaya wa abokansa yana dariya: "'Yar kowa gudun rana take yi, tawa kuwa wuni take tana zura mata ido." A ofishinsu akwai allunan kwamfuta shida da wata fanka mai kuka. Idan rana ta yi aman wuta, su ne masu lissafa ranar da aman zai iso duniya ya hargitsa maganaɗisunta, sai su gargaɗi masu jiragen sama da masu wutar lantarki.

Shi kuwa Baba tantabarun tsere yake kiwo a saman bene, irin waɗanda ake kaiwa nesa a mota a sake su, su dawo gida da kansu. Masu kiwo sun ce da maganaɗisun ƙasa suke gane hanya. Shi ya sa duk Alhamis sai ya tare Auta a bakin ƙofa: "Malamar rana, in tura ko in bari?"

Wannan Alhamis ɗin ta ce, "Tura, Baba. Aman da ta yi jiya sai Lahadi zai iso."

Ya tura goma sha biyu, har da Shuɗiya, wadda marigayiya Inna ta raina a cikin kwalin takalmi tun ba ta da gashi.

Asabar da hantsi Auta na kurɓar shayi a ofis, sai layin da ke kwance lumui a allo ya hau tsalle. Aman ya riga lissafinsu da kwana guda cur! Ta dubi agogo, ƙarfe goma, tsuntsaye kuwa tun bakwai aka sake su. Ta aika gargaɗi duk inda ya kamata. To amma tantabara ina ta ga waya?

Bakwai suka dawo ranar da la'asar, huɗu washegari. Shuɗiya shiru. Baba ya wuni a bene yana kaɗa gwangwanin hatsi, ido a sama.

"Baba, ni na ce ka tura," in ji Auta.

"Na sani," ya ce, ya ci gaba da kaɗawa. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Talata da safe tana sa takalmi ta ji an kwaɗa mata kira: "Auta! Ke Auta!" Ta haura da takalmi ƙafa ɗaya. Ga Shuɗiya a bakin tagar ɗakin Inna, inda aka saba ba ta ruwa a murfin kwalba, ta rame, jela duk ta tsittsige, tana hararar su kamar su suka yi latti.

"Ja'ira! Yawon gidan wa kika tafi?" Baba yake ta faɗa, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya lalluɓa fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Auta ta zame ta zauna a kan matakala, ta yi dariya, ta yi kuka, sai a lokacin ta ji yunwar kwana uku ta taso mata. Daɗi ya cika ta, sai "Alhamdu lillahi" take ta maimaitawa. Ranar ta makara a ofis, kuma ko a jikinta.

Da Alhamis ta zagayo, ta sunkuyar da kai za ta wuce sumsum, don ta san ta gama zubar da mutuncin lissafinta a gidan nan. Sai ga Baba a bakin ƙofa, gwangwani a hannu.

"Malamar rana," ya ce, "in tura ko in bari?"