Bindigar Aro a Gaban Shehu Dirham

Sunana Takiyya, matar marigayi Hizam mai gyaran bindiga. Ranar da na sauka kasuwa, da niyyar zagin duk wanda na gamu da shi na fito.

Maƙwabcina Naji ne ya jawo. Ruwan da ke gangarowa daga dutse, ranar Talata rabona ne tun zamanin kakan mijina. Sai ya toshe magudanar da duwatsu ya karkata ta gonar gahawarsa, dawata tana ƙonewa ina kallo. Na kai ƙara wurin Shehu Dirham, shugaban ƙabilarmu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Uwar Salih, ina bindigarki?" Ai ba a buɗe shari'a sai mai ƙara ya ajiye bindiga gaban shehu, in ya ƙi hukunci ya rasa ta. Tamu kuwa ɗana Salih ya sayar ya yi guzurin Saudiyya, shekara shida ko gaisuwa. Maza uku na roƙa aro a ƙauyen, duk suka hana, don a zauren Naji suke tauna kat, ganyen nan mai sa nishaɗi, kullum. Matsorata!

Shi ya sa na nufi rumfar Mabhut, wanda mijina ya koya wa sana'a.

"A'a, Inna Takiyya! Yaƙi za a fita?"

"Da kai zan fara. Ara mini bindiga ta kwana bakwai."

"Inna, nan sayarwa ake yi. Bari in sallami baƙo."

Baƙon wani mai tabarau ne daga birnin Sana'a, Injiniya Radman. Tsofaffin bindigogin soja yake tarawa, ran Juma'a ya fita bayan gari ya harba. Idonsa ya maƙale kan wata 'yar Jamus da aka yi wa ado da azurfa, kotarta sai sheƙi. Ni kuwa shekara arba'in ina wanke wa Hizam bututun bindiga da tafasasshen ruwa, ina zan iya shiru?

"Ɗana, a bango za ka rataye ta, ko harbi za ka yi?"

"Duka biyun, Hajiya."

"To miƙo harsashi."

Mabhut ya ce, "Inna, don girman Allah..."

Na zura kan harsashin a bakin bindigar. Ya shige sulub har wuya.

"Ka gani? Bakinta ya cinye kamar nawa, ba haƙori ko ɗaya. Ka auna akuya, ka sami limamin ƙauyen gaba."

Injiniya ya yi dariya har ya cire tabarau. Mabhut ya ce azurfar kaɗai ta isa abin nuna wa baƙi. Na ce to ya sayar masa da awarwaro.

A can ƙurya na jawo wata 'yar Ingila mai cin harsashi goma, baƙa ƙirin, kotarta duk tabo. A bakinta harsashi ya cije tun a rabi. Na zare sakatarta, na sa farcena a gindin bututun ya kama hasken rana, na ce Injiniya ya leƙa. Zanen ciki raɗau, yana murɗawa kamar sabuwar igiya. Na gwada lambar jikin sakatar da ta jikin bindigar. Ban yi karatu ba, amma in zane biyu iri ɗaya ne na sani.

Muka zaga bayan kasuwa inda ake gwaji. Ya auna wani farin dutse a gefen tudu, taku ɗari biyu. Harbi na biyu dutsen ya tarwatse. Nan take ya saya.

"Hajiya, me zan yi miki?"

Na faɗa masa komai, har da sunayen matsoratan ukun. Ban ɓoye masa ba: in shehu ya yanke abin da bai yi mini ba, bakina ba shi da linzami, bindigarsa na iya tafiya.

Ya shafa bindigar. Ko gida bai kai ta ba. Sai ya buɗe mini ƙofar motarsa.

Da muka isa, Shehu Dirham ya juya bindigar a hannu ya ce, "Ta wane ne?"

Injiniya ya ce, "Tawa ce, yau na saye ta. Na tsaya wa wannan baiwar Allah."

Shehu ya jingine ta a bango, ya aika a kira Naji ya zo da tasa.

Kwana tara ta yi a can. Dattawa suka hau dutse suka ga magudanar da idonsu. Aka sa Naji ya kwashe duwatsun da hannunsa, ya kuma yanka rago a ƙofar gidana. Rabin dawar ta riga ta mutu, wannan ban yafe ba, kuma gobe zan koma in yi maganarta. Amma ruwa ya dawo.

Da Injiniya ya zo karɓar bindigarsa na cika masa buhu da zabibi, ya ce ya yi yawa. Na ce ya rufe mini baki ya ɗauka. Allah Ya yi masa albarka, shi da uwar da ta haife shi.