Ɗaurin Kallabin Mai Nasara

Mai Nasara ɗan daudu ne. A Birni shi ke dafa abincin biki, shi ke ɗaura wa amare kallabi. Da hantsi yana gyaran kaji a tsakar gida, sai ƙanwarsa Delu ta miƙo masa salula.

"Yaya, Ronel ya aiko bidiyo daga Filifin."

Shekara shida Mai Nasara da Ronel suka yi suna aikin girki a Jidda. Yanzu ga Ronel bisa dandamali, da doguwar riga mai ƙyalli da jan baki, yana kwaikwayon wata mawaƙiyar ƙasarsu Filifin. Jama'a na ta ihu, suna rera waƙar tare da shi.

Mai Nasara bai ko kalli rigar ba. Kan Ronel ya zuba wa ido. Kallabi ne, ɗaurin da ya koya masa a ɗakinsu, ƙofa a kulle.

"Ji shashasha! Sau nawa na ce masa hagu ake karkata shi?"

"In kashe ne, Yaya?"

Ya goge hannu a zanensa, yana murmushi.

"Sake kunnawa. Ki ƙara murya, maƙwabta ma su ji."