A Tuƙa Ta a Hankali

Tun ranar da motar ta zabura a ƙofar asibiti, ta kusa kwashe ƙafar maigadi sannan ta mutu, Yaya ya kafe sai an karɓe makulli daga hannun Auta.

"Ƙafarta rawa take yi a kan totur," ya ce wa ƙaninsa, Baban Auta. "So kake sai ta kashe wani?"

Baban Auta bai cika musu da yayansa ba. Amma shi idonsa ya yi rauni, kuma Auta ce kaɗai ke kai mahaifiyarta gashin ƙashi sau uku a mako. Ya ce a tafi gareji, su uku.

Bakanike ya taka totur har injin ya yi ƙara kamar zai tashi sama. Ya fita titi da gudu, ya dawo yana goge hannu.

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Hannun koyo ne kawai."

"Ka ji ko?" in ji Yaya. Auta ta sunkuyar da kai.

Baban Auta bai matsa daga bakin ƙofar motar ba.

"Oga, wa ke shiga asibiti da wannan gudun? Koma ciki. Ka ga mai turin baron can? Bi bayansa, kada ka wuce shi."

"Haba Baba, shekarata ashirin a aikin nan!"

"To yau ka yi tafiyar minti biyu a hankali."

Bakanike ya shiga yana ƙunƙuni, Yaya ya zauna a gefensa don ya zama shaida. Ba su kai kwanar layi ba motar ta yi tsalle, goshin Yaya ya gaisa da gilashi, injin ya yi tsit.

"Oga, kai ma koyo kake?" in ji Auta.

Bakanike ya sake tayar da motar, ya buɗe bonet, ya kara kunne. Can ƙasa wani siririn tiyo na huci, ya tsage, injin na zuƙar iska ta inda bai kamata ba. Ya cire shi ya sa sabo.

Yaya na murza goshi ya ce, "Duk da haka, ni dai..."

"Yaya, koma baya ka miƙe ƙafa," in ji Baban Auta. "Auta, ja mu je, mamanki na jira."