Shanya a Titin Jirgi

Jatau maci amana ne. An ba shi gadin filin jirgi, ya mayar da shi wurin shanya, kuma da asirinsa ya tashi tonuwa sai ya nemi ya ɗora wa tsohuwa laifin.

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, kamfanin da ke aikin ya shimfiɗa ɗan titin kwalta a dajin da ke tsakanin Talata Mafara da Maradun, ya kewaye shi da waya. Ƙaramin jirgi mai kujera shida yakan sauka Litinin da Alhamis. Yana kawo injiniyoyi da wasiƙu da magani, ya koma Kaduna da masu tafiya hutu, ko lebura da ƙarfe ya karya. Sauran kwanaki biyar ba kowa a wurin sai Jatau, babban mai gadi, wanda makullin ƙofar gabas ke rataye a ƙugunsa.

A gindin tsamiyar da ke bakin ƙofar yamma Inno take ajiye tukunyarta. Gonarta ta shiga cikin ruwan dam, mijinta ya rasu, jikoki uku na hannunta. Shinkafa da wake take sayar wa fasinjoji da direbobin da ke zuwa tarbarsu. Kwana biyun nan na mako su ne abincin gidanta.

Bayan an yanke shinkafa, tsuntsaye suka fara damun filin. Hasbiya da kurciya, garke-garke, a ƙarshen titin ta gabas, daidai inda jirgi ke fara taɓa ƙasa. Matuƙin, wani Bature mai jan gemu, ya yi ƙorafi sau biyu. Malam Nasidi, wanda kamfani ya ɗora a kan filin, ya kira Jatau ya tambaye shi.

"Ranka shi daɗe, ai ba sai an yi nisa ba," in ji Jatau. "Tsohuwar can ta. Ƙanzo da ragowar kwano duk nan take watsarwa. Ina tsuntsu zai ƙi zuwa?"

Malam Nasidi ya taka har gindin tsamiya. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki, sannan ya ce idan aka sake samun matsala, tukunyarta za ta bar wurin.

Maganar ba ta kwanta wa Inno ba. Ita da ke kankare tukunya ta kai wa jikoki ƙanzon, wace ragowa za ta watsar? Kuma in abincinta ke jan su, me ya hana su taruwa a gindin tsamiya, suka tafi can gabas, tafiyar da sai mutum ya yi gumi? Ta fara sa ido. Ta lura duk ranar Litinin Jatau yakan iso yana susar hannu da wuya, kamar wanda ƙaiƙayin hatsi ya zuba wa. Ta ga kashin jaki a cikin waya, alhali ba a barin dabba ta shiga. Ta tuna kuma matar Jatau, Bilkisu, wadda da ba ta da ko faifai a kasuwa, yanzu duk Talata tana zama da buhun shinkafar gumi, wato wadda aka turara aka shanya, tas, babu tsakuwa ko ɗaya. Macen da ke shanya a ƙasa ba ta samun shinkafa haka.

Ta faɗa wa Thomas makaniki, mai zuba wa jirgi mai, wanda kullum yake cin abinci a wurinta.

"Mama, zato ba shaida ba ne," ya ce, bakinsa cike. "Ƙara mini yaji."

"Kai dai ci. Kullum yaji, kamar wanda aka yaye da barkono."

Ranar Litinin jirgi ya taho da fasinja biyar. Yana sassautowa tsuntsaye suka tashi buu a gabansa. Aka ji ƙara. Jirgin ya karkata, ya dira da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle, sannan ya daidaita. Da ya tsaya, gilashin gaba ya tsage, jini da gashi a jikinsa. Wata malamar asibiti ta sauko ta durƙusa a kwalta tana amai. Baturen ya fito yana faɗa da harshensu, ba mai jin abin da yake cewa, amma kowa ya gane.

Jatau ne ya fara isa gindin tsamiya.

"To, kin gani? Kin kusa kashe mutane! Kwashe tarkacenki."

Malam Nasidi ya iso bayansa, fuska a murtuke. "Inno, na faɗa miki."

"Ka faɗa, Malam. Amma ka bari in yi tambaya guda." Ta juya wajen Thomas, wanda ke tafe riƙe da hasbiya biyu da ya tsinto a ƙarƙashin jirgi. "Toma, kawo su nan. Ni ba ni taɓa mushe. Farke mini wuyan guda har ƙirji."

"Mi za a gani cikin mushe?" in ji Jatau. "Ranka shi daɗe, ɓata lokaci take."

"In tawa suka ci, dafaffa za a gani, da wake," in ji Inno. "Mi kake tsoro, Jatau?"

Thomas ya zaro wuƙa ya farke. Ya zazzage abin da ke ciki a murfin tukunya. Shinkafa ce da ɓawonta, ba a ko cashe ta ba. Ya farke ta biyun, ita ma haka. Inno ta sa tsinke ta juya ƙwayoyin.

"Wagga an turara ta, dubi yadda bakin ɓawon ya buɗe. Gumi ne aka shanya. Ni sai an cashe nike saye."

Malam Nasidi ya dubi murfin. Sannan ya miƙa wa Jatau hannu. "Ba ni makulli."

"Ranka shi daɗe, tsuntsu fa daga ko'ina yake tasowa, akwai gonaki..."

"Makulli."

Suka taka zuwa gabas, fasinjoji na biye. Titin a share yake ƙal, har sawun tsintsiya na nan, amma duk tsagar kwalta cike take da ƙwayar shinkafa. A cikin rumfar gadi, bayan gangunan mai, buhu huɗu ne a jingine, da tsintsiya uku, da igiyar jaki. Ashe Asabar da Lahadi Jatau yake buɗe wa matarsa ƙofa ta baza shanya, kwalta mai zafi ta busar da ita, su share kafin Litinin. Abin da tsintsiya ta bari shi tsuntsaye ke bi.

Wanda ya san rai shida na sauka a kan titi, ya baza hatsi a kai, ba kuskure ya yi ba. Son zuciya ne. Ƙaryar da ya yi wa tsohuwa kuwa ta fi shanyar muni.

Inno ta koma ta wanke murfin tukunyarta sau bakwai, ta ci gaba da zuba wa mutane abinci. Jatau kuwa, a nan aka karɓe kakinsa da hularsa. 'Yan sanda suka tafi da shi Mafara, alƙali ya ɗaure shi wata shida, kamfani kuma bai sake ɗaukarsa aiki ba.