Ƙarin Girman Baba Masinja

Ina da wata huɗu a sashen albashi na ma'aikatarmu lokacin da na ci karo da fayil ɗin Baba Masinja. Fayil ɗin yana can ƙasan durowa ta uku, ɗaure da jan zare. Shekara tara ke nan da aka amince a ɗaga shi daga mataki na uku zuwa na huɗu, amma ba a samu wanda ya kai takardar gaban darakta ya sa hannu ba. Shi kuwa Baba, kullum yana hawa da sauka a bene da fayilolin wasu a hammata.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Nakan duba aiki sau uku kafin in sake shi. Na cike duk guraben da suka rage, na buga wasiƙa, na nufi ofishin darakta da kaina.

Babbar akawunmu, wadda muke kira Anti, ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mai Difloma, ina za ka da wannan gawar? Mayar da ita makwancinta, sai mun ga abin da gwamnati za ta fitar."

Na ɗauka lalaci ne irin na waɗanda suka daɗe a kujera. Ban san cewa tun da aka fara raɗe-raɗin za a zaftare albashi, tsofaffin akawuna suka daina motsa fayilolin ƙananan ma'aikata da gangan ba. Ban tambaye ta dalili ba, na wuce.

Ranar da takardar ta fito, Baba ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, har na rasa inda zan sa idona.

Bayan sati uku sanarwa ta iso. Saboda halin matsin da ƙasa ke ciki, za a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashin duk ma'aikacin da ke mataki na huɗu zuwa sama. An yafe wa na mataki na uku zuwa ƙasa. Ba a taɓa alawus ba, alhali yawancin abin da manyanmu ke ɗauka alawus ne. Abin da aka cire wa Baba ya ninka ƙarin da ya samu.

Ranar albashi ya shigo da takardarsa a hannu, ya tsaya gaban teburina.

"Ɗana, injin naku ya yi tuntuɓe ne? An ce na hau, ga shi na ga na gangaro."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"To, mayar da ni inda ka ɗauko ni," in ji shi. "Allurar tsohuwar gidana, uwar 'ya'yana, duk wata ce. Da can ma da ƙyar take fita."

"Baba, saura wata goma sha ɗaya ka yi ritaya. Da matakin ƙarshe ake lissafa fansho. In ka koma baya, har iyakar rayuwarka za ka ji a jikinka. Ka daure."

"Ni zan daure. Ita fa? Ko kana ganin mai kemis zai jira fansho?"

Na ce zan riƙa cika masa daga nawa. Ya yi murmushi.

"Kai da aka yi wa aski irin nawa? Mahaifiyarka fa, da ƙannenka? Kada ka sa in fara ɓuya in na hango ka."

Anti ba ta ɗago daga takardunta ba, ba ta kuma tuna mini maganarta ba. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na bincika ko'ina ban samu samfurin wasiƙar neman ragin girma ba, domin ba wanda ya taɓa nema. Na tsara ta da kaina, na duba sau uku. Baba ya dangwala babban yatsansa a ƙasa, ya goge tawadar a gefen wandonsa. Na miƙe zan kai ta sama.

"Kawo nan," ya ce. "Wannan aikina ne."

Ya sa ta a hammata, ya kama ƙarfen bene, ya hau a hankali. Kwana biyu kacal ta yi aka sa mata hannu.