Tsallen da Clency Bai Yi Ba

Ƙanena Clency ya dawo tsibirinmu na Moris hutu bayan ya daɗe a Faransa yana gyaran motocin bas. Ya zo da matarsa Solange, Baturiya mai sanyin hali, da 'yarsu Anaïs wadda ta fara tasawa amma ba ta taɓa taka tsibirin ubanta ba. Ni na zama direbarsu, don ina da 'yar motata da nake kai kayan miya kasuwar Souillac.

Kullum da inda muke zuwa. Mun je Chamarel sun ga ƙasa mai launi-launi, mun ba manyan kunkuru ganye, mun ci gurasar wake da ake kira dholl puri a bakin titi har yaji ya sa Solange hawaye. Duk inda muka tsaya Clency yana da labari, yarinyar kuwa ta zuba masa ido kamar za ta haɗiye shi.

Ranar da muka nufi magangarar ruwa ta Rochester, tun a mota Anaïs ta kasa zama wuri guda.

"Gwaggo, yau zan ga inda Baba yake dira!"

"Wane Baban?" na ce.

"Babana mana. Ya ce daga can ƙololuwar dutsen yake tsunduma, har mutanen gari su taru kallo."

Na dubi Clency ta wutsiyar ido. Ya kau da kai yana kallon gonakin rake.

Mun tarar da wurin cike. Ruwa na zubowa bisa baƙaƙen duwatsu, samari na hawa sama suna dako tsalle, baƙi na tafi suna ɗaukar hoto. A gindin wata bishiya Rosemay, tsohuwar maƙwabciyarmu, tana fere abarba tana barbaɗa mata gishiri da barkono. Tana ganinsa ta saki wuƙa.

"Clency! Kai ne ka yi wannan tumbin? Ashe Faransa ta karɓe ka!"

Suka rungume juna. Kafin a gama gaisawa Anaïs ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Babana ne gwanin wannan dutsen. Yau zai nuna musu."

Rosemay ta dube shi, ta dube ni, ta buɗe baki. Na ƙifta mata ido ta rufe. Amma samarin sun riga sun ji. Suka kewaye shi suna, "Kawu, bismillah! Hau mu ga na da!"

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Ka ce bayanka na ciwo."

"Yaya, tana kallona," ya ce.

Ya tuɓe riga ya bi hanyar da ke zagayawa sama. Ni dai na san abin da yarinyar ba ta sani ba. Clency ko iyo bai iya ba. Da muna yara, ni ce nake sa gajeren wandonsa in hau dutsen nan in diro, shi kuwa yana ƙasa rungume da takalmana yana gadi kada Mama ta ji labari.

Can sai ga shi a sama. Ya tako bakin dutsen, ya leƙa. Aka fara tafi, aka ɗaga wayoyi. Ya ja da baya, ya sake takowa, ya kasa dirowa.  Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu, sai ƙarar ruwa. Wani ya yi fito, wani ya yi dariya. Sai ƙanena, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa ya zauna, ya riƙe dutse da hannu biyu.

Ni na hau na sauko da shi. Tafin hannunsa sanyi ƙalau, yana bina a baya kamar makaho. Da muka iso ƙasa mutane suka dare, kowa ya yi kamar akwai abin da yake nema a jakarsa. Wannan kawaicin ya fi dariyar ciwo. Solange ta miƙa masa rigarsa, ya sa ta a baibai. Rosemay ta tura masa abarba a hannu, ya riƙe har mota bai ci ba.

A hanyar komawa gida, mun yi nisa cikin gonakin rake. Sai Clency ya ce in tsaya. Bai juya baya ba, gilashin gaba yake kallo.

"Anaïs, ban taɓa dira daga dutsen nan ba. Gwaggonki ce. Duk labaran nata ne. Ni takalma nake riƙe mata."

Yarinyar ta ce, "Na faɗa wa duk 'yan ajinmu."

Ya sunkuyar da kai. Ni ma kunyar ta rufe ni, kamar ni aka kama.

"Me ya sa, Baba?"

"Kin tambaye ni abin da nake yi ina yaro," ya ce. "Na duba ban ga komai ba."

Washegari akwai fita a kwale-kwale zuwa wani ƙaramin tsibiri, na ɗauka zai ce kansa na ciwo. Ya fito. Da mai jirgin ya tambaya ko akwai wanda bai iya iyo ba, Clency kaɗai ya ɗaga hannu cikin manya. Aka ba shi rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, ta ƙi rufe masa ciki. Anaïs ta ƙi zama kusa da shi, ta koma gaba wajen uwarta. Sai da jirgin ya fara tsalle bisa igiyar ruwa ta taso, ta ja maɗaurin rigar ta ɗaure masa tam, ta koma mazauninta ba ta dube shi ba.